Yadda za ka hana danshi da fumfuna cinye kabad ɗin tankin kifin ado

Idan ka buɗe ƙofar kabad ɗin da tankin kifinka ke zaune a kai, bari hanci ya riga ido aiki. Warin jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana a bokiti, ko sanyi-sanyin laima a bayan ƙofar in ka shafa ta, sun isa shaida ko da ba ka ga ɗigon baƙi ko ɗaya ba. Fumfuna ba ta fara zama a fili. Wurarenta su ne ƙarƙashin allon sama, bayan hinji, kusurwoyin baya, da gefen katako inda zarto ya yanka aka bar shi tsirara.

Abin bai tsaya ga wari ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 50 yana cin lita 270, in aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu nauyin ya zarce kilo 300. Duk wannan yana kan katakon da danshi ke ci a hankali. Da wannan tankin za mu yi lissafi har ƙarshe, sai kowa ya sauya da awon nasa.

Dalilin da ɗan ruwa kaɗan ke cika kabad

Cikin kabad ɗin irin wannan tanki bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kubik mita ba. A zafin digiri 28, kubik mita ɗaya na iska ba ya iya riƙe tururin ruwa fiye da kimanin giram 27. Ke nan giram 9 kacal, abin da bai cika cokalin cin abinci ba, ya isa ya ƙosar da iskar kabad ɗin gaba ɗaya. To ka dubi tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tacewa da ake ɓoyewa a ciki. Idan fuskarsa santimita 80 ce da 35, kowace milimita ɗaya da ta ƙafe mililita 280 ce. Milimita biyu a rana ya haura rabin lita, ninki sittin na abin da iskar za ta iya ɗauka. Ragowar ba ta ɓacewa: ko ta samu hanyar fita, ko ta kwanta a jikin katako da ƙarfe.

Daga nan ake gane cewa ba a tsotse danshin kabad, kore shi ake yi. A rage ruwan da ke shiga iska, a ba iskar hanyar wucewa, sannan a rufe katako domin abin da ya kuɓuce. Wanda ya fara da fenti ya bar sauran biyun, jinkiri kawai ya saya.

Fumfuna tana samun gindin zama idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 70 cikin 100, kuma abin da ya jiƙe sosai yana iya fara ta cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Burin shi ne cikin kabad ya tsaya ƙasa da kashi 60 in yanayi ya bari.

Awo kafin huji

Ka sayi ƙananan ma'aunan danshi guda biyu, irin masu batir da ke nuna zafi da danshi tare. Masu araha sukan yi ƙarya da maki biyar ko fiye, don haka ka gwada su tukuna. Cika murfin kwalba da gishirin girki, ka ɗiga ruwa har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Saka shi tare da ma'aunan a roba mai murfi da ba ta shan iska, ka bari su kwana. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a kashi 75. Wanda ya nuna 70, ka san kullum za ka ƙara masa biyar. Rubuta hakan a bayansa.

Liƙa ɗaya a cikin kabad, can sama ta baya, nesa da fantsamar ruwa. Ɗayan ka ajiye shi a ɗakin, kamar taku biyu daga tankin. Kwana uku kana rubuta abin da suka nuna da asuba da kuma da yamma, ƙofofi a rufe. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce abin dubawa. Idan ciki ya fi ɗaki da maki 5 zuwa 10, lamarin da sauƙi. Idan ya fi da 15 ko 20, iska ba ta wucewa ko akwai yoyo. Idan kuwa duka biyun suna sama da 75, ɗakin ne da kansa ke da laima, kuma fanka ita kaɗai ba za ta gyara ba, domin ba ta iya shigo da iskar da ta fi ta ɗaki bushewa.

Neman inda ruwan ke fitowa

Share cikin kabad tas ya bushe, ka shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali a ƙasa, ka naɗa takardar tishu a kowace mahaɗar bututu da tiyo. Da safe ka duba. Ɗigo ɗaya yana barin tambari a jarida ko bayan ya bushe. Kada a raina shi: ɗigo ɗaya a minti ya kai kusan mililita 70 a rana, kuma a wuri ɗaya yake sauka kullum.

Wuraren da suka fi yoyo sanannu ne. Filta mai tulu, wadda ake ajiyewa a ƙasa tiyo biyu na hawa zuwa tanki, takan yi yoyo ta babban zoben robar murfinta. A cire zoben, a wanke ramin da yake kwanciya domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi zama, a shafa masa man silikon kaɗan. Ban da basilin, yana lalata wasu robobin har su kumbura su saki. Zoben da ya taurare ko ya baje, canza shi ake yi.

Sai mahaɗin da ke ratsa gindin gilashi. Kuskuren da ake yawan yi guda biyu ne: sa robar a ɓangaren noti maimakon ɓangaren kafaɗar mahaɗin, da ɗaure notin da sifana har robar ta murɗe ko filastik ya tsage. Ɗauri da hannu ne, sai a ƙara kamar kwatan juyi. Nauyin bututun da ke rataye ma yana karkatar da mahaɗin a hankali, saboda haka a tallafe bututun da maƙali a jikin kabad. Mahaɗa masu zare a naɗa musu farin tef na masu aikin famfo, ta bin hanyar da zaren ke ɗauruwa. Bakin tiyo kuma a matse shi da maɗauri; wanda zai zauna cikin ruwa ya zama na filastik.

Akwai ruwan da ba yoyo ba ne. Idan bututun da ke sauko da ruwa ya tsaya sama da fuskar tankin ƙasa, ruwan na faɗowa yana fantsama yana kumfa, kowane kumfa in ya fashe sai ya tofa ƙananan ɗigo sama. Ƙara wa bututun tsawo ya nutse santimita 2 zuwa 5, ko a sa masa safar tacewa. Dutsen kumfa, wanda ake hura iska cikin ruwa ta cikinsa, in yana cikin tankin ƙasa shi ma haka yake yi.

Sai zufa. Iska mai zafin digiri 28 da danshi kashi 80 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 24. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska da aka saita a 22, ƙofar kabad tana sanyi daga waje, iskar ciki mai ɗumi ta taɓa ta, sai ta yi gumi ta ciki kamar murfin tukunya. Mai na'urar sanyaya ruwa kuma zai ga bututun ruwan sanyi na tsatsafo. A sa masa rigar soso irin ta bututun AC. Ita na'urar sanyaya ruwan da kanta ba ta da wurin zama a rufaffen kabad, zafin da take fitarwa zai dawo mata.

Na ƙarshe shi ne hannun mai tankin. Jiƙaƙƙiyar ragar kamun kifi, tawul, soson goge gilashi, bokiti da guntun ruwa, tiyon canjin ruwa da aka naɗe bai tsane ba, duk a cusa a kabad a rufe. Sau da yawa a tankin da ba shi da tankin ƙasa, wannan ne kaɗai ciwon. A shanya su a waje. Abincin kifi ma a fitar da shi, domin yana shan laima ya yi fumfuna tun kafin katako.

Murfi a kan tankin ƙasa

Rufe kashi uku cikin huɗu na fuskar ruwan yana rage ƙafewa sosai. Gilashi mai kaurin milimita 4 ko 5 da aka goge bakinsa yana yi, haka ma farantin folikabonet mai rami-rami irin na rumfa, wanda ake iya yanka da wuƙa. Siririn akirilik, wato filastik mai kama da gilashi, ba ya yi: gefen da ke kallon ruwa yana shan danshi ya faɗaɗa, cikin makonni sai ka ga ya lanƙwashe kusurwoyinsa sun ɗaga. A yanka murfin gida biyu ko uku don a iya ɗaga wanda ake buƙata, kuma ya zauna ta cikin bakin tankin a kan 'yan maƙalai, ba ya hau kan baki ya leƙo ba. In ya leƙo, raɓar da ta taru a ƙarƙashinsa za ta bi gefe ta ɗiga a katako maimakon ta koma ruwa.

Kada a toshe ruf. Ruwa yana buƙatar shaƙar iska, kuma ƙafewa ce ke sanyaya shi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗaki ke iya haura digiri 33, murfi na iya ɗaga zafin ruwa har kifi ya wahala. Duba ma'aunin zafi kwana biyu bayan sa murfin. In ruwan ya hau, a zame gida ɗaya a bar fanka ta ɗauki nauyin. Jarkar ruwan ƙari kuwa, wadda ake cike abin da ya ƙafe da ita, ba ta da uzuri, a rufe ta a bar ɗan huji kawai.

Hanyar iska

Huji ɗaya ba hanya ba ce. Iska tana son mashiga da mafita, kuma su yi nesa da juna: mashiga a ƙasa ta gefe ɗaya, mafita a sama ta ɗaya gefen, yadda iskar za ta ratsa kabad ɗin a karkace. Iska mai ɗumi da danshi sama take tashi, famfo da taransifoma kuma suna ɗumama ta, don haka ko babu fanka wannan tsarin yana ja kaɗan-kaɗan. Wannan yana da muhimmanci a inda ake yawan ɗauke wuta.

Kafin ka taɓa injin huji, ka gane wane allo ne ke ɗauke da kaya. A kabad mai firam na katako ko ƙarfe, allunan jiki sutura ce kawai, ana iya cire na baya gaba ɗaya, kuma wannan shi ne gyara mafi sauƙi da inganci. A kabad ɗin da aka haɗa da alluna zalla, na gefe da na tsakiya su ne ginshiƙai, na baya kuma shi ke hana kabad ɗin karkacewa gefe. Irin wannan ba a cire masa baya. Huji ake yi, zagayayye ba mai kusurwa ba, a bar aƙalla santimita 7 daga kowane baki, kuma kada a jera huji a layi ɗaya kusa da kusa. In allon ya riga ya kumbura, kada a huda shi sam. A yi hujin a ƙofa, domin ƙofa ba ta ɗauke da komai. Aikin ya fi kyau tanki babu ruwa. In dole sai da ruwa, a rage shi zuwa rabi, a rufe tankin ƙasa da leda saboda garin katako, a huda a hankali ba tare da turawa da ƙarfi ba.

Fankar kwamfuta mai bolt 12 ita ce ta dace: ba ƙara, ba cin wuta, wat 1 zuwa 3. Mai milimita 120 tana son huji na kimanin milimita 115, kusoshinta huɗu suna da tazarar milimita 105. Mai milimita 80 ma ta isa ƙaramin kabad. Babba mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru. Adafta mai bolt 12 da amfiya 1 za ta ɗauki biyu ko uku. In ƙarar ta dame ka, adafta mai bolt 9 tana rage gudun. Iska tana fita ta gefen da ke da sanduna da takardar kamfani, amma ka tabbatar da guntun tishu kafin ka ɗaure.

A mafita ake sa fankar, tana zuƙo iska waje. Dalili: in ta hura ciki, tana tura iska mai danshi cikin kowace tsaga da mahaɗar katako, in kuma ta hura kai tsaye kan ruwa sai ƙafewa ta ƙaru. Hura kan ruwa dabarar sanyaya tanki ce, aikinta daban, kuma mai yin ta sai ya ninka mafita.

Lissafin iskar da ake buƙata ba shi da yawa. A ce ɗaki na kan kashi 55, ana so ciki ya tsaya a 65, zafi digiri 28. Kowane kubik mita da ya wuce yana ɗauke kimanin giram 2.7. Fitar da rabin lita a rana na buƙatar kubik mita 185, wato kusan 8 a awa. Fankar milimita 120 a sarari tana tura ninkin wannan sau goma. Saboda haka idan ka sa fanka lamba ba ta sauka ba, da wuya ƙarfinta ne ya gaza. Ko mashiga ta yi ƙanƙanta, ko iskar na yanke hanya, tana shigowa ta ramin wayoyi da ke dab da fankar ta fice ba ta taɓa sauran kabad ba. Toshe irin wannan ramin da soso.

Faɗin mashiga kada ya gaza na mafita, gara ma ya fi shi da rabi. Hujin milimita 115 yana da fili kusan santimita murabba'i 104. Hujin santimita 5 yana da kusan 20, ke nan ana son shida zuwa takwas. Tazarar santimita 1 a ƙarƙashin ƙofofi masu faɗin mita ɗaya tana ba da 100, ba tare da an ga huji ba. A sa ragar sauro saboda kyankyaso da tsaka da ɓera, amma raga tana cin iska, don haka a ƙara faɗin, kuma a riƙa goge ta da buroshi, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke toshe ta cikin 'yan kwanaki. Don ganin hanyar iskar da ido, kashe famfon kumfa, wato mai hura iska cikin ruwa, na ɗan lokaci, kunna turaren tsinke, ka riƙe shi a bakin mashiga ƙofofi a rufe. Hayaƙin ya kamata ya lanƙwasa ya shige. In ya miƙe sama abinsa, iskar ta wani wuri take shiga.

Duk bakin hujin da aka yi sabon rauni ne a jikin katako, a shafe shi da fenti ko gam mai hana ruwa kafin a ɗaura fanka. Sannan a bar santimita 8 zuwa 10 tsakanin kabad da bango. In ba haka ba, ka kwashe fumfunar daga kabad ka kai wa bango, sai ranar da aka janye tankin a ga fenti ya yi baƙi ya ɓare. Tankin da ya riga ya manne da bango, a fitar da iskarsa ta gefe.

Rufe katakon

Ba duk katako ne ɗaya ba. MDF, wato allon garin katako mai laushi, da allon dusar katako da aka matse suna shan ruwa ta baki kamar biredi, su kumbura, kuma ba sa komawa ko sun bushe. Rufin da ke fuskarsu yana hana ruwa, amma yankakken baki da ramin kusa su ne ƙofa. Filawud ya fi haƙuri, musamman na jirgin ruwa mai gam da ba ya saki. In kafinta ne zai haɗa maka sabo, ka nemi firam na busasshen katako mai ƙarfi, filawud milimita 18, baya a buɗe, kuma a yi fentin ciki kafin tanki ya hau.

Katako ya bushe tukuna. Gwaji: liƙa leda mai faɗin tafin hannu biyu a jikinsa da tef ta kowane gefe, ta kwana. In ta yi gumi ta ciki, da saura. Fenti a kan jiƙaƙƙen katako yana kulle ruwan ne, daga baya ya yi ƙuraje ya ɓare. Goge da samfefa mai lamba 120, share ƙura, shafa andakot, sannan fentin mai ko foliyuretan sau biyu zuwa uku, ana bi da samfefa 220 tsakanin shafi da shafi bayan kowanne ya bushe. Yankakken baki yana shanye shafin farko, a ba shi ƙari biyu. Kada a manta da ƙarƙashin allon sama da bayan ƙofofi, nan ne tururi ke fara sauka. Fari mai sheƙi ya fi dacewa, ba don kyau ba, don yana tona asirin ɗigo da tsatsa tun suna ƙanana.

Efoksi mai gwangwani biyu ya fi kowanne hana ruwa, ya dace da daɓen kabad da santimita 10 na farko na bango. Sharaɗinsa a auna haɗin daidai yadda aka rubuta a gwangwani. In aka yi da ka, zai zauna yana danƙo har abada. A dama kaɗan-kaɗan domin yana fara kamawa cikin kusan rabin awa, kuma a ba shi mako guda ya gama taurara. In tanki na kai ba yadda za a sauke shi, a yi amfani da fenti mai haɗin ruwa, a rufe tankin, a janyo famfon kumfa zuwa wani ɗaki da dogon tiyo, a buɗe tagogi. Famfon kumfa duk abin da ke cikin iska yake turawa cikin ruwa.

Daɓen a mai da shi tire. A bi duk mahaɗar ƙasa da silikon, a kafa ɗan katako mai tsayin santimita 4 a bakin ƙofa, ko a shimfiɗa tamfol irin na masu kiwon tarwaɗa a naɗo gefensa sama ba tare da an yanka kusurwa ba. Tire mai santimita 110 da 40 da zurfin 4 yana riƙe lita 17 da ɗoriya. Silikon ɗin banɗaki yana ɗauke da maganin fumfuna mai cutar da kifi, kada ya je inda ruwa zai taɓa shi ya koma tanki. A kusurwar da ta fi gangare a ajiye ƙaramar ƙararrawar yoyo mai batir. Ta waje kuma, ruwan goge tayil yana shiga gindin kabad kullum ba a lura. Shimfiɗar roba mai tauri a ƙarƙashin duk gindin tana raba shi da ƙasa. Kada a ɗora kabad na alluna a kan ƙafafu huɗu da ba a yi shi da su ba, nauyin zai taru a wuri huɗu. Katako mai laima a ƙasa kuma gayyatar gara ce.

Wuta, ƙarfe, da ranar da aka ɗauke wuta

Soket ba ya zama a daɓe, ba ya zama a saman tankin ƙasa. A kafa shi a sama a bangon da ya fi nisa da ruwa, bakinsa na kallon gefe ko ƙasa, in da hali ma a waje. Kowace waya ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gwiwar. A sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30, a layin. Hinji da kusoshi su zama na ƙarfe mara tsatsa, lamba 304, ko 316 ga mai kifin teku. Mai ruwan gishiri yana da ƙarin aiki: farin ɓawon da ke taruwa a bututu da bango yana jan ruwa daga iska. Gishirin girki yana narkewa da kansa a danshi kashi 75, wasu gishirin da ke cikin ruwan teku tun a ƙasa da haka sosai, shi ya sa wurin ke zama da laima kullum. A goge shi da tsumma da ruwan daɗi duk mako.

Babbar ambaliya takan zo ne da ɗaukewar wuta. Famfo na tsayawa, ruwan sama ya gangaro har sai bakin bututu ya sha iska. Santimita 3 daga tankinmu lita 16 ce, da na cikin bututu a ce 20. A tankin ƙasa mai 80 da 35, kowace santimita lita 2.8 ce, ke nan a bar sarari na santimita 8 zuwa 9. Kada a dogara da lissafi: kashe famfon da hannunka, ka tsaya har ruwan ya daina hawa, ka ja layi. Ɗan huji na milimita 3 a bututun mayar da ruwa, dab da ƙarƙashin fuskar ruwa, yana hana bututun ci gaba da zuƙo ruwan sama, amma gansakuka da dodon koɗi suna toshe shi, a riƙa zura masa tsinke. Fanka kuma tana mutuwa tare da wuta. A haɗa ta da inbata, ko a sa mai USB a fawa bank, ko a buɗe ƙofofin har wuta ta dawo.

In fumfuna ta riga ta kama

Sa safar hannu da takunkumi, mai asma ya bar ɗakin. Kashe famfon kumfa, rufe tankin ƙasa da leda, fitar da komai. Kada a kankare ta a bushe, ƙurarta za ta watsu. Jiƙa tsumma da farin khal ba sirki, ko haidirojin na kemis mai ƙarfin kashi 3 (in kwalbar kashi 6 ce a sirka rabi da rabi da ruwa), a shafa, a bari minti goma zuwa sha biyar, a goge, a maimaita. A tsumma ake zubawa, ba a fesawa kusa da tanki. Bilic yana aiki a kan fenti mai santsi da filastik, kofi ɗaya a lita huɗu na ruwa, amma ya fi kyau a cire ƙofar ko shantar a kai waje a yi a can, domin kilorin kaɗan na kashe kifi. Kada a taɓa haɗa bilic da khal, iskar da ke tashi guba ce. Bayan wanki a bar ƙofofi a buɗe, fankar ɗaki na bugawa kwana biyu ko uku, a goge tabon da samfefa, sannan fenti.

Daga nan a gwada ƙarfin katakon. Danna bakin sukudireba a gindin kowane allon da ke ɗauke da kaya. In ya nutse, ko gindin ya kumbura ya fi saman kauri, ko ƙofofin da a da suke haɗuwa daidai yanzu ɗaya ta sauka, ko layin ruwan tanki ya karkata, wannan kabad ya gama aiki. A rage ruwa nan take a nemi wani.

Buhunan silika da robobin tsotse danshi ba su da amfani a nan. Kilo ɗaya na silika kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kawai yake sha, tankin ƙasa zai ƙosar da shi cikin yini. Masu narkewa su zama ruwan gishiri kuma in suka kife sun fi danshin ɓarna. Gawayi yana rage wari ne kawai.

Shekara tana gwada kabad ta fuska biyu. Da hunturu danshin iska a Kano ko Zinder yana faɗuwa ƙasa ƙwarai, katako ya tsuke, fenti ya tsage a mahaɗa, ruwan tanki kuma ya riƙa ƙafewa da sauri. Da damina, musamman Agusta, iskar ɗaki da kanta tana cike da laima, sai ta bi waɗannan tsagogin ta shiga. Don haka lokacin bin mahaɗa da silikon da taɓa fenti shi ne Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. A tsakiyar damina fanka ta yi aiki dare da rana, murfin tankin ƙasa ya koma wurinsa duka, a buɗe ƙofofin kabad da rana lokacin da iska ta fi bushewa, kuma duk ranar canjin ruwa a haska tocila ƙarƙashin allon sama da kusurwoyin baya, a shafa da farin tishu a duba abin da ya ɗauko.